Darasi: Garkuwar da Allah Ya Sanya a Jikinmu

 Idan ɗayanmu ya taka ƙusa, bayan kwana biyu kaluluwa ta fito masa a matsematsi, sai hankalin gida ya tashi. Alhali kaluluwa sansanin mayaƙa ce. A can fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ɓargo ke samarwa, suke taruwa su yawaita domin yaƙar cutar da ta shigo ta ƙafa. Mugunyar da ke fita daga ciwon ma, yawancinta gawarwakinsu ne.

Larabawa suna kiran wannan garkuwa almana'a, daga kalmar hani. Amma a ganinmu haddarta ta fi haninta ban mamaki. Wasu ƙwayoyin suna riƙe kamannin maƙiyi shekara da shekaru, shi ya sa wanda ya yi ƙyanda da wuya ya sake yi.

Rigakafi kuwa bita ce kafin jarrabawa: a nuna wa jiki ƙwayar cuta da aka kashe ko aka raunana, ko wani yankinta, ya haddace. Ta haka aka kawar da agana daga duniya, aka sanar a 1980. A 2019 ƙasarmu Ghana, tare da Kenya da Malawi, ta soma yi wa yara allurar zazzaɓin cizon sauro.

Muna jin wasu iyayenmu a zango suna ɓoye jariri ranar allura saboda jikinsa ya yi zafi a karon baya. Zafin kwana ɗaya ko biyu alama ce jiki yana karatu. In ya zarce haka a kai shi asibiti. Yau da dare mu roƙi Mma katin awo na ƙannenmu, mu duba wace allura ta rage.