Wasiƙa ga matasan ikilisiya, kafin Larabar Toka

'Ya'yana,

Larabar Toka, ranar fara azuminmu, ta matso, na kuma ji wasunku na tambayar juna a bakin coci, "Kai me za ka bari bana?" Kafin ku yanke shawara, bari in tona wa kaina asiri.

Wata shekara na tara iyalina na yi shelar cewa na bar cin nama sai bayan Ista. Maiɗakina tana tsinke zogale a faifai, ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Baban yara, yaushe rabon da nama ya shiga tukunyar nan?" Gaskiyarta. Wata biyu ba albashi, nama ya daɗe da yi mana yaji. Naman da nake ci kullum kuwa na mutane ne, a teburin mai shayi, daga faɗuwar rana har sha ɗayan dare. Wannan ban taɓa tunanin barinsa ba, domin shi nake so.

Kwana 40 ake ƙirgawa daga Larabar Toka zuwa Ista, ban da ranakun Lahadi, don tunawa da azumin Yesu a jeji. 'Yan'uwanmu na cocin Otodoks a Habasha da Masar kwana 55 suke yi, ba nama, ba madara, ba ƙwai. Tokar da ake shafa wa Katolika a goshi ganyen dabinon bara ne aka ƙona, wanda aka kaɗa da murna ranar Lahadin Dabino.

In ana maganar barin abin da ake so, an taɓa yin wani saurayi a Masar, Antoni, wanda iyayensa suka rasu suka bar masa gonaki yana wajen shekara 20. Ya shiga sujada ya ji ana karanta labarin saurayin nan mai dukiya da ke cikin Matiyu 19, sai ya ɗauka da shi ake. Ya raba gonakin ga mutanen ƙauyensu, ya sayar da sauran kaya ya ba matalauta, daga baya ya shige hamada. Ya rasu a 356, yana da shekara 105. Ban ce ku shiga daji ba, iyayenku na bukatarku a gona. Amma ku lura gonakin ba a banza suka tafi ba, wasu ne suka noma suka ci.

To ku, me ya riƙe ku? Na ga yaron da ba ya iya zaman wa'azi bai leƙa waya ba, wai yana duba ko tikitin cacar ƙwallonsa ya ci. Na ga yarinyar da kuɗin datarta na mako ya fi baikonta na wata. Can ne azuminku yake. Kuɗin da ya ragu kuma kada ya koma aljihu, a zuba shi wuri guda a kai wa gwauruwar da ke zama a bencin baya. Ishaya 58 ya yi faɗa sosai da masu azumin da ke danne ma'aikatansu, ga mayunwaci a ƙofa sun kau da kai.

Maƙwabtanmu Musulmi suna da sahur da buɗa-baki, gari duka na tafiya tare. Namu azumin ba mai sa ido, kuma haka Yesu ya so a Matiyu 6: a wanke fuska, a shafa mai. Saboda haka hoton goshi da toka a Facebook, a haƙura da shi. Mai gyambon ciki, da mai juna biyu, da mai shan magani, ku ci abincinku, ku nemi wani abin ku bari.

Ni bana goro zan bari. Jikata ta riga ta karɓe gwangwanin da zan riƙa jefa kuɗinsa, ta ce ba ta yarda da ni ba. Sai mun haɗu ranar Laraba.

Naku,
Wani dattijon ikilisiya