Shawarwari 17 Ga Gida Mai Son Kiɗa: Raba Blues Da Tsintuwar Intanet A Greensboro

Kusan kowane gidan Bahaushe a Greensboro yana da mutum ɗaya da ba ya gajiya da tura abubuwa a waya: yau tsohuwar waƙar Shata, gobe bidiyon wani dattijo baƙar fata yana kaɗa jita a ƙofar gidansa. Aikin kirki ne, domin garin nan da ’yan Nijar suka yi yawa a cikinsa yana tsakiyar yankin Piedmont na Karolina ta Arewa, inda aka raini wani salon blues da kunnenmu ke saurin kamawa. Sai dai yawancin abin da muke turawa nitsewa yake yi, ba wanda ya buɗe. Abin da aka zaɓa da kyau, aka sa masa suna, aka tura a kan lokaci, shi ke zama. Ga abin da na ga yana aiki, kuma mafi yawansa ba ya cin ko sisi.

1. Ku tura ɗaya, ku bar goma.
Wanda ya dawo daga aikin dare ya tarar da tarin bidiyo a zauren WhatsApp na dangi, wucewa zai yi bai taɓa ko ɗaya ba. Kamar abincin da ake aika wa maƙwabci ne: kwano ɗaya mai kyau ake rufewa, ba a juye tukunya. Ku tsayar da rana guda a mako, ko Juma’a da yamma, jama’a za su saba har su riƙa cigiya idan kun makara.

2. Ku sa sunan makaɗi, garinsa da shekara.
Layi ɗaya ya wadatar: Etta Baker, mutuniyar Morganton, an fara naɗar kiɗanta a 1956. Ku ƙara abin da zai sa a buɗe, wato ta yi shekaru tana aikin masaƙa, ta raini ’ya’ya tara, ba ta ajiye jita ba har ta rasu a 2006 tana da shekara 93. Uwar gidan da ke aikin kamfani tana jin haka za ta saurara, ko da ba ta jin Turancin.

3. Ku fara da na ƙofar gida kafin ku nufi Mississippi.
A salon Piedmont babban yatsa ne ke riƙe da amo mai kauri, manuni kuma yana fitar da zaƙin waƙar, har mai sauraro ya ɗauka mutum biyu ne. Blind Boy Fuller da Rabaran Gary Davis sun yi wannan kiɗa a Durham cikin shekarun 1930, a bakin rumbunan sayar da taba, lokacin da manoma ke shigowa gari aljihu da nauyi. Durham tafiyar kusan awa ɗaya ce daga nan, kuma yaro ya fi riƙe labarin garin da ya taɓa takawa.

4. Ku nuna wa yara hannun Elizabeth Cotten.
Bahaguwa ce daga Carrboro, sai ta juya jitar na-dama ƙasa ta koma sama, ta koya wa kanta a haka, kuma tun tana yarinya ta tsara “Freight Train”. Ta shafe shekaru tana aikatau a gidajen mutane kafin faifanta na farko ya fito a 1958, ta kuma karɓi kyautar Grammy a 1985 bayan ta kai shekara 90. Bidiyonta ku nema, ba sauti kaɗai ba, domin yatsun ne abin kallo.

5. Ku haɗa na nan da na gida, biyu-biyu.
Ku sa Cotten, ku bi ta da Mdou Moctar na Nijar, wanda shi ma da hagu yake kaɗawa. Ku sa gogen Joe Thompson na Mebane, ku bi shi da kukumar Hassan Wayam. Banjo kuwa ya dace da gurmin Haruna Uji na Haɗeja ko na marigayi Malam Maman Barka. Kada ku yi dogon sharhi, ku bar yara su faɗi abin da kunnensu ya kama, a nan hira take daɗi.

6. Ku faɗi zumuncin banjo da gurmi, amma ban da ƙari.
Bayin da aka kwaso daga Afirka ne suka ƙera banjo a tsibiran Karebiyan tun ƙarni na 17, da duma da fata da sanda, irin ginin da muka sani a gurmi. Masu bincike sun fi nuna akonting na ƙabilar Jola ta Senegal da Gambiya a matsayin mafi kusa da shi wajen kaɗi, sauran molayen Afirka ta Yamma kuma dangi ne. Don haka kada ku tura saƙon cewa Hausawa ne suka ƙirƙiro blues, domin baƙaƙen Amurka ne suka haife shi cikin wahalarsu, kuma maƙwabcinku zai fi girmama ku idan kun bar masa abinsa.

7. Ku san ’yar garinku.
A nan Greensboro aka haifi Rhiannon Giddens a 1977, kuma ita da Dom Flemons da Justin Robinson suka kafa Carolina Chocolate Drops a 2005. Sun riƙa zuwa Mebane suna zama gaban dattijo Joe Thompson suna ɗaukar kiɗa daga hannunsa, har faifansu na 2010 ya ci Grammy. Idan ’yarku ta ce banjo kayan Turawan ƙauye ne, ku gaya mata banjon da ke cikin “Texas Hold ’Em” ta Beyoncé hannun Giddens ne.

8. Ku tanadar wa dattawa tsintuwar da ba kiɗa ba.
Akwai masu ƙin sauraron kiɗa, kuma ba a tilasta musu. Ku tura musu rubutun Umar ibn Sa’id, malamin Futa Toro da aka sauke a Charleston a matsayin bawa a 1807, ya gudu har aka kama shi a Fayetteville. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci, ya buɗe da suratu Tabaraka, kuma laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya sa hotunan shafukan a intanet kyauta. Duk wanda ya yi makarantar allo zai gane irin wannan rubutu, kuma labarinsa ne Giddens da Michael Abels suka mayar wasan waƙa mai suna Omar, wanda ya ci kyautar Pulitzer a 2023.

9. Ku shiga rumbunan da ba a biya.
Taskar Alan Lomax tana buɗe a intanet, har da abin da ya naɗa a arewacin Mississippi a 1959, inda ya gamu da Fred McDowell da masu sarewa da ganguna da za su tuna muku gangar noma. Smithsonian Folkways kuma yana ba da takardun bayanin faya-fayansa a sauke kyauta, ga tarihin makaɗi ga hotuna. Yara kuma ku ba su Radio Garden, su juya taswirar duniya su taɓa ɗigon Kano ko Yamai su ji abin da rediyo ke sawa a daidai wannan lokaci.

10. Ku tuna cewa mu ma tsintuwar wasu ne.
A 2011 kamfanin Sahel Sounds ya fitar da Music from Saharan Cellphones, waƙoƙin da aka tsinto daga wayoyin matasa a arewacin Mali, masu musayarsu ta Bluetooth da katin memori, kuma ta nan Amurkawa da yawa suka fara jin Mdou Moctar. Kamfanin ne kuma ya sake fitar da kiɗan fiyanon lantarki na Mamman Sani a 2013, wanda aka naɗa a Yamai tun 1978. Ku kunna wa wanda ya girma da rediyon Nijar ba tare da kun faɗi suna ba, ku ga yadda fuskarsa za ta sauya.

11. Ku tantance kafin ku danna.
Yanzu ana haɗa “tsohon blues da ya ɓace” da ƙirƙirarriyar basira, a sa hoto mai duhu da ƙarar tsohon faifai, alhali makaɗin bai taɓa rayuwa ba. Ku nemi sunan a wuri biyu. Idan babu garin haihuwa, babu kamfanin faifai, babu shekara, ku ƙyale shi. Misali, Robert Johnson waƙoƙi 29 ya naɗa a 1936 da 1937, ya rasu a 1938, kuma babu wani fim nasa da aka tabbatar, don haka duk bidiyon da ya ce ga shi yana kaɗawa, ku yi masa kallon tuhuma.

12. Ku saurara ku kaɗai kafin a kunna a falo.
Tsohon blues cike yake da habaici da zaurance, wasu waƙoƙin Blind Boy Fuller ma batsa ce a lulluɓe, kuma yaranku sun fi ku jin Turancin. Ku sa iyafis ku bi waƙar har ƙarshe, ko ku nemi baitocinta a rubuce. Idan surukai na gida, ku zaɓi kiɗan Etta Baker da babu murya a ciki, ba mai jin kunya.

13. Ku duba agogo, ku duba data.
Ƙarfe 9 na dare a Greensboro ƙarfe 2 ne na dare a Maraɗi da Kano daga Maris zuwa farkon Nuwamba, lokacin sanyi kuma ƙarfe 3, saboda haka da safenku ya fi dacewa ku tura wa na gida. Ku fifita gajeren sauti a kan dogon bidiyo, domin data a can da tsada take. A nan kuma bangon gidajen haya katako ne, ku rage sifika idan dare ya yi, wataƙila na kusa da ku asubanci zai yi zuwa aiki.

14. Ku ceci kaset ɗin da kuka zo da su.
Zafi da laimar bazarar Karolina suna cinye zaren kaset, musamman wanda aka bari a mota ko a ɗakin ajiya. Akwai ’yar na’ura mai araha da ke juye kaset zuwa kwamfuta. Gida uku ku haɗa kuɗi ku sayi ɗaya ku riƙa karɓa-karɓa. Ku ajiye abin da kuka juye a wuri biyu da cikakken suna, domin wani Ɗan Maraya ko Ɗan Ƙwairon da ke akwatinku ba lallai a same shi a YouTube ba.

15. Ku sa bukukuwan gari a kalanda.
North Carolina Folk Festival kyauta ne, kwana uku a watan Satumba a tsakiyar gari. Ya fara a 2018 bayan bikin irinsa na ƙasa baki ɗaya ya yi zamansa a nan daga 2015 zuwa 2017. Carolina Blues Festival kuma na ƙungiyar Piedmont Blues Preservation Society ne, wadda aka kafa a 1985, yakan faɗo a watan Mayu, kuma da tikiti ake shiga. Ku je da rana kafin masu shaye-shaye su yi yawa, ku riƙe ruwa da kujerar ninkewa da darduma, ku nemi inda za ku yi La’asar tun kuna isa.

16. Ku tambayi maƙwabci, da ɗan gari akan ci gari.
Dattijuwar da kuke gaisawa a bakin akwatin wasiƙa ta san abin da intanet bai sani ba. Ku tambaye ta wa mahaifinta ke saurara, ku ba ta Ali Farka Touré ko Bombino a madadi. Ku bi da baƙinku ta Magnolia House a titin Gorrell, masaukin da irin su Ray Charles da James Brown ke kwana a zamanin da otal-otal ke korar baƙar fata. A mota kuma ku gwada tashoshin ɗalibai, WNAA ta jami’ar A&T a 90.1 da WQFS ta kwalejin Guilford a 90.9, sukan sa abin da manyan tashoshi ba sa kulawa da shi.

17. Ku yi wa makaɗi kari.
A gida ba a tashi daga gaban makaɗi hannu rabbana, to a nan ma haka ya kamata: idan faifai ya zauna muku, ku saya a Bandcamp ko a teburin mai shi bayan wasa, maimakon ku yi ta yaɗa kwafi. Gidauniyar Music Maker da ke Hillsborough, wadda Tim da Denise Duffy suka kafa a 1994, tana taimaka wa tsofaffin makaɗan Kudu da kuɗin magani da na haya, tana kuma nema musu wuraren wasa. Ko dala biyar ce ku sa a hannun yaro ya kai da kansa, don ya tashi da sanin cewa kiɗan da ke fitowa daga waya gumin wani ne.