Yadda ake ɗaukar hoton biri a gidan zoo, da yadda ake gyara shi

Duk wanda ya taɓa shiga gidan zoo na Audu Bako da ke Kano, wanda aka buɗe tun farkon shekarun 1970, ya ga yadda jama'a ke dafifi a gaban kejin birai. Kowa na ɗaga wayarsa, amma hotunan da ake komawa gida da su kusan iri ɗaya ne: raga ta fito raɗau, can bayanta kuma wani baƙin dunƙule. Hoton biri kuwa ido ne jarinsa, in ido bai fito ba an yi aikin baban giwa.

Fara da zaɓen lokaci. Idanun gwaggon biri a lume suke ƙarƙashin ƙashin gira mai tudu, saboda haka rana tsaka sai ta jefa musu inuwa su koma ramuka biyu. Je da safe da zarar an buɗe ƙofa, ko bayan la'asar, lokacin da haske ke shigowa ta gefe. Hazon hunturu ma alheri ne, yana tausasa haske. Ranakun sallah dai ka haƙura, turereniya ba za ta bar ka ka tsaya ba.

Raga a wurin ɗauka ake kawar da ita, ba a kwamfuta ba. Ɗaura wa kyamara gilashi mai jawo nesa, 200mm zuwa 300mm, ka buɗe ƙofar haskensa sosai, f/2.8 ko f/4, ko f/5.6 in nan ne iyakarsa. Nemi gefen ragar da ke cikin inuwa, domin wadda rana ta haska ƙyalli take yi. Matsa kusa gwargwadon yadda shinge ya yarda, kada ka tsallake shi, biri ba ya shawara kafin warta. Daga nan sai ka jira ya ja baya da mita biyu ko uku. In ka samu haka, ragar za ta narke kamar babu ita. Ɗora ɗigon fokas guda ɗaya a kan idon da ya fi kusa da kai, in kyamarar ta nace wa raga ka murɗa da hannu. Saurin ɗauka kada ya gaza 1/500, jan biri kuma, da yake babu birin da ya kai shi gudu a duniya, ba shi 1/1000. Ɗaga ISO ko da zuwa 1600 ne. Ƙura-ƙuran hoto yana gyaruwa, rawar hoto kuwa ba ta da magani. Ɗauka a tsarin RAW, filasha kuma a kashe.

Saura sanin halin birin, kuma nan ne da yawa ke faɗuwa. Ƙura wa gwaggon biri ido neman faɗa ne a wurinsu. Doguwar hammar nan da babban namiji ke yi, fiƙoƙi a waje, sau da yawa ba barci ba ne, gargaɗi ne. Yaƙen da cimfanzi ke yi, haƙora duka a bayyane, wanda mutane ke cewa murmushi ne, galibi tsoro ne. Ni ban ga burgewa a hoton dabbar da aka firgita ba. Tsaya ɗan karkace, ka yi shiru har su manta da kai. Lokacin da suka zauna suna yi wa juna tsifa, ko uwa ta rungume jinjirinta, fuska takan saki, nan hoton yake. Kada ka jefa gyaɗa don ya waiwayo: ban da cutar da shi, jikin raga zai dawo, dabararka ta rushe.

A Lightroom, ko Snapseed ga mai waya, fara da yanke hoton, ka fitar da kwanon abinci da bakin siminti. Raga takan bar wani hazo-hazo, sai ka ƙara bambancin haske da duhu kaɗan, in kuma fentinta ya shafa wa gashin kore-kore ka daidaita launi. Idon shi kaɗai za ka zagaye ka ɗaga inuwarsa, har ruwan zumar ƙwayar ya bayyana. Da ka ga ya fara ƙyalli kamar na 'yar tsana, ka zarce, koma baya. Kada ka goge gashi ko tamojin fuska ko tabon faɗa, su ne shaidar shekarunsa. Dusashe bango, in kuma launinsa ya ƙi daɗi mayar da hoton baƙi da fari.

Wajen rubuta bayani a ƙasan hoto, faɗi inda ka ɗauka. Gasar hoton namun daji da gidan tarihin halittu na Landan ke shiryawa ba ta karɓar dabbar da ke tsare a matsayin ta dawa, har ta taɓa ƙwace kambun 2009 daga wani ɗan Sifaniya bayan alƙalai sun gamsu cewa kyarkecin da ya ɗauka na gida ne. Rubuta irin birin, sunan gidan zoo, da shekarar.