Kafin ki sayi sinki, ɗiyata

Ɗiyata, na ji an ce kin ware ɗaki guda a gidanki na Jabo don sana'ar zoɓo da kunun zaki da kunun aya, har kin fara tambayar kuɗin firiza. Allah ya sa albarka, ya kawo kasuwa. Da za ki ji tawa, ki ɗan jingine maganar firiza tukuna, mu fara gama maganar inda za ki riƙa wanke kaya. Wadda ta yi wannan sana'a ta san dafawa ba ta cin lokaci kamar wanke-wanke. Tukunya, mataci, rariya, bokiti, ludayi, kula, sannan ga goruna tuli guda, kullum sai an bi su ɗaya bayan ɗaya.

Abu na farko, auna babbar tukunyarki. Ɗauki igiya ki auna faɗin bakinta da tsayinta, ki ƙulla alama. Sinkin da ake kafawa a kicin ɗin gidajen zamani an yi shi ne don faranti da kofi, zurfinsa bai fi taƙi guda ba. Ki sa masa tukunyar da kike dafa zoɓon mudu biyu, za ki ga ta tsaya a baki ta ƙi shiga, ruwa na fallatsa miki a zani, ƙarshenta ki koma tsakar gida ki tsuguna kamar da. To me aka yi ke nan? Nemi wanda tukunyar za ta zauna a ciki har ki iya juya ta, hannunki na da wurin wucewa. Famfon ma ya zama mai dogon wuya, yadda bokiti ko jarka za su shiga ƙarƙashinsa. Tsayin sinkin daga ƙasa kuwa ya daidaita da ƙugunki. Ciwon bayan da matan zamaninmu ke fama da shi, da yawansa a gindin daro aka samo shi.

Sai kuma abin da aka yi sinkin da shi, a nan ne nake so ki saurara da kyau. Zoɓo abu ne mai tsami, haka tsamiya, haka kunun da ya kwana. Tsami yana cin siminti a hankali. Kwamin siminti da magini zai gina miki yana da arha, yana da faɗi, kuma ba na kushe shi, amma in an bar shi tsirara, bayan 'yan watanni za ki ga fuskarsa ta yi kaushi, ja ya kama shi, ƙananan ramuka sun buɗe. A cikin ramukan nan gasara ke maƙalewa ta yi tsami, soso kuma ba ya kai musu. In kwamin za ki gina, a liƙa masa tayil mai santsi, a cike tsakanin tayil ɗin sosai, a karkatar da gindinsa zuwa mafitar ruwa don kada ruwa ya kwanta. Daron ƙarfe mai fenti kuwa, da zarar fentin ya ɓantare sai tsatsa. Bahon roba yana yin aiki, sai dai yana karcewa, kuma karcen wurin ɓuyan dauɗa ne. In shi ƙarfinki ya kai, ki riƙa sauya shi, kada ki ji tausayinsa.

Wanda na fi so miki shi ne na silba mara tsatsa. Shi ma iri-iri ne. In kin je kasuwa a Sakkwato ko Jega, danna gindinsa da tafin hannu. Wanda ya lotsa ya dawo da ƙara, siriri ne, ba zai jure tukunya cike da ruwa ba. Duba kusurwoyinsa su zama masu lanƙwasa, don kusurwa mai kaifi ita ke riƙe datti. In da hali, ɗauki mai baki biyu: ɗaya na omo, ɗaya na ɗauraya. In babu hali, mai baki ɗaya mai zurfi da baho a gefe ya fi mai baki biyu marar zurfi.

Kada ki manta ba kullum ruwa ke zuwa ta famfo a garuruwanmu ba. Rijiya ce, ko burtsatse, ko 'yan garuwa. Saboda haka sinki ba tare da tanki ko durom mai murfi a samansa ba, kwano ne kawai aka manna a bango. A ɗora durom ɗin a kan abu mai ƙarfi, a jawo bututu, ruwa ya riƙa sauko miki. Amfaninsa shi ne hannu ba ya shiga cikin ruwan, moɗa ba ta shiga.

Inda ruwan zai tafi shi ma magana ce babba. Dusar gero da tuƙar aya suna toshe bututu nan da nan, don haka a sa rariya a mafitar, kuma ki riƙa kwashe dusar ki ba awaki. Ki ce wa mai gyaran famfo ya sa lanƙwasasshen bututun nan a ƙarƙashi, wanda ke riƙe ɗan ruwa ya tare wari da kyankyasai. Ruwan kuma kada a sake shi a lungu ya dami maƙwabta, ya tara sauro. A haƙa masa rami a cika da duwatsu, nesa da rijiyar gida.

Na dage a kan wannan ne saboda abin da za ki sayar ba a sake dafa shi kafin a sha. Kunun aya ma tun farko ba ya ganin wuta: jiƙawa, markaɗe, tacewa, sai gora. A zafin watan Afrilu, lokacin da Sakkwato ke wuce maki 40, ba ya ɗaukar dogon lokaci yake juyawa, kuma gorar da ba ta wanku ba ita ke gaggauta shi. Kin tuna 2021, shekarar da amai da gudawa ya ratsa Arewa, har da jiharmu. Hukumar yaƙi da cututtuka ta NCDC ta ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zargin sun kamu a faɗin Najeriya, fiye da 3,000 suka rasu. Cuta ce ta ruwa da hannu da kwano. Masu sayen kunun nan kuwa 'yan makaranta ne, da masu azumi, da mai jego da aka aiko a saya mata.

Don haka sinkin nan na sana'a ne kaɗai. Kada a wanke kayan yaro a ciki, kada a fige kaza, kada a aje butar bayi kusa da shi. Ki yi wa mutanen gida bayani da taushin murya tun ranar farko, za su saba. Goruna ki samo musu burushi mai dogon hannu, ki wanke murfinsu daban, ki jiƙa su a ruwan Hypo ko Jik gwargwadon yadda aka rubuta a jikin robar, ki ɗauraye, ki kife su a kan raga su tsane. Kada ki bar ruwan Hypo ya kwana a sinkin silba, yana yi masa ɗigo-ɗigon tsatsa. Kada kuma ki zuba shi a kan ragowar tsamiya ko lemun tsami, haɗuwarsu na tayar da iska mai shaƙe numfashi.

Ranar da za ki tafi saye, sa igiyar awon nan a jaka, kuma ki tafi da mai gyaran famfon in zai yarda, ya ga girman mafitar da idonsa ya zaɓo bututun da ya dace da ita. Kuɗin firiza, in ya rage, mu sake zama a kansa bayan an kafa.