Ku Bar Shi Ya Tafi Taro

Ya 'yan'uwa, in an kira taron masu koyar da matasa a Agye ko Maraɗi, sau da yawa mu iyaye ne ke hana tafiya. Uba ya ce ba a gama ɗaurin gero ba, uwa ta ce ina kuɗin mota? Ban ce ba su da gaskiya ba. Amma ku dubi majami'unmu na ƙauye, daga Gazawa har Gidan Rumji, in kaka ta wuce. Samari sun tafi cin rani Katsina da Kano, waɗansu har Agadas, sai tsofaffi da ƙananan yara kan benci. Yaron da ya fita bai iya buɗe Littafi Mai Tsarki da kansa ba, wa zai buɗe masa a tasha?

Ku karanta 2 Timoti 2:2. Bulus ya koya wa Timoti, ya umarce shi ya danƙa wa amintattun mutane, su kuma su koya wa waɗansu. Hannu huɗu ke nan. Haka bishara ta iso mana. 'Yan mishan na SIM sun sauka Damagaram a 1924, daga baya Tsibiri, waɗanda suka yi karatu can suka koyar da iyayenmu. Ni kaina a makarantar mishan na koyi baƙi.

To, kowane gida ya kawo tiya guda ta gero domin guzuri. Wanda aka aika kuwa, ba yawon birni ya tafi ba. Lahadi ta fari bayan komowarsa a ba shi wuri ya faɗi abin da ya koyo, mu dattawa ma mu zauna mu ji.