Zaɓen Layin Waya Mai Araha a Alakoss

Kamfanoni huɗu ne ke sayar da layin salula a Nijar: Airtel, Moov Africa, Niger Telecoms da Zamani Telecom, wanda ya gaji Orange bayan sayar da shi a 2019. Ga mazaunin ƙaramar hukumar Alakoss ta gundumar Gure, abin dubawa na farko shi ne rezo, wato ƙarfin sadarwa a ƙauyensa, domin layin da ba ya kamawa sai an hau tudu asara ne komai araharsa.

Daga nan sai forfe, wato ƙunshin mintuna ko intanet da ake biya tun kafin amfani. Ya kamata mai saye ya raba farashin da adadin mintunan da zai iya cinyewa kafin wa'adi ya cika, tunda ragowar ƙunshin yini galibi takan mutu da cikar wa'adinta, kuma ya tambaya ko mintunan sun shafi kiran wasu layuka ko na kamfanin kaɗai. Wanda danginsa ke ci-rani a Libiya ko Kano ya fi samun sauƙi da ƙunshin intanet na mako, saboda saƙon murya ta WhatsApp ya fi kiran ƙetare araha nesa ba kusa ba.