Yaya ake kafa fankar fitar da iska a banɗaki?

Fankar banɗaki tana janye tururi da wari ne zuwa waje. Inda babu ita, laima na zama a bango, fenti ya ɓare, funfuna ta kama silin.

Kafin a saya, sai a duba ƙarfinta. Dokar gini ta Ingila ta tanadi aƙalla lita 15 na iska a kowace daƙiƙa ga banɗakin wanka. A kuma duba wutar da take ci, domin fankar da aka ƙera don Amurka tana aiki da volt 120, alhali wutar Najeriya ta kai 230.

A gidan bulo, fankar bango ta fi sauƙi. Ana huda rami mai faɗin inci 4 ko 6 can sama kusa da silin, nesa da inda ruwan shawa ke fantsama, a zura bututu ya ɗan karkata ƙasa ta waje don kada ruwan sama ya shigo. Bakin waje yana son murfi mai faifai da ke rufe kansa, saboda sauro da ƙurar hunturu. Kuskuren da ya fi yawa shi ne sakin iskar a cikin silin. Can laimar za ta ruɓar da katakon rufi.

Huda da ɗaura fanka maigida na iya yi da kansa. Haɗa waya kuwa, bayan an kashe wuta daga babban makunni, gara a bar wa ƙwararren mai gyaran lantarki. A bar ɗan gibi a ƙasan ƙofa domin sabuwar iska ta shigo, a kuma bar fankar tana juyawa minti 15 zuwa 20 bayan wanka.